Yaƙin Duniya na Farko: laifin wa ne, kuma me ya sa ban yarda a raba shi daidai ba

Ranar 28 ga Yuni 1919 aka sa wakilan Jamus suka rattaba hannu a yarjejeniyar Versailles, kuma a cikinta akwai sashe na 231 wanda ya ce Jamus da ƙawayenta su ne ke da alhakin duk asarar da aka yi saboda su suka fara kai hari. A kan wannan sashen aka ɗora maganar diyya, wadda a 1921 aka yanke ta mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinare. Tun daga ranar har yau ba a daina gardama ba, wasu su ce Jamus ce, wasu Rasha, wasu su ce ai Sabiya ce ta tsokano, wasu kuma su ce babu mai laifi, tsarin ƙawancen ne kawai ya ja kowa. Ni wannan maganar ta ƙarshe ce ta fi damuna, don an kashe sojoji kusan miliyan 10, ban da fararen hula, kuma wallahi ba ya shiga hankalina a ce abu irin wannan ya faru ne haka kawai ba wanda ya yanke shawara.

Bayanin da aka fi ji shi ne wai Turai ta rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya Jamus da daular Ostiriya-Hangari da suka ƙulla ƙawance tun 1879, Italiya ta shigo musu a 1882. Ɗaya ɓangaren Faransa da Rasha tun 1894, sai Ingila ta daidaita da Faransa a 1904 da kuma Rasha a 1907. To wai da aka taɓa ɗaya sai kowa ya faɗa don cika alkawari. Akwai gaskiya a ciki, amma duba mana. Italiya tana cikin ƙawancen Jamus shekara 32 amma da yaƙi ya tashi sai ta ce ita alkawarinta na kare kai ne, Ostiriya kuma ita ta fara, don haka ba ruwanta, a 1915 ma ta koma ɗaya ɓangaren. Ingila ba ta da wata takarda da ta wajabta mata yi wa Faransa yaƙi. Rasha ma ba ta da yarjejeniyar tsaro da Sabiya. Sannan mafi yawan waɗannan ƙawancen suna nan daram lokacin rikicin Maroko na 1905 da na 1911, da rikicin Bosniya na 1908, da yaƙe-yaƙen yankin Balkan, a kudu maso gabashin Turai, na 1912 da 1913, duk an kai bakin rami an dawo. Kenan ƙawancen ya nuna mana yadda wutar ta bazu da sauri, amma a 1914 dole akwai mutanen da suka ga hanyar dawowa suka ƙi bi. Kuma ba su da yawa fa, sarakuna ne da ministoci da manyan hafsoshi da jakadu, in ka tara su duka ba za su cika babban zaure ɗaya ba.

A fara da Sabiya tunda daga can harsashin ya fito. Ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie a Sarayebo, babban birnin Bosniya da ke ƙarƙashin daular Ostiriya-Hangari. Princip ɗan Bosniya ne, wato talakan daular ne, amma bindigogin da bama-baman daga Sabiya suka fito, jami'an kan iyaka suka tsallakar da yaran, kuma a bayan shirin akwai ƙungiyar asirin nan da ake kira Baƙin Hannu, wadda jagoranta Dragutin Dimitrijević, mai laƙabin Apis, shi ne shugaban leƙen asirin sojan Sabiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Firaminista Nikola Pašić ba shiri yake da Apis ba, tsoronsa ma yake, don irin waɗannan hafsoshin ne suka kashe sarkinsu da sarauniya a 1903, amma dai gwamnatin da ba ta iya riƙe jami'anta ba, bayan kisan kuma ba ta yi wani bincike na kirki ba, ba za ta fito da hannu fari ba. Iyakar laifinta kenan dai, ta ba da dalili. Ƙasa ce ƙarama da ta fito daga yaƙi biyu a gajiye, ba ta da ikon kunna wa nahiya wuta.

Inda maganar take da nauyi shi ne Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma abin mamaki nan ne aka fi mantawa, wataƙila don daular ta rushe a 1918 ba a samu wanda za a riƙe ba. Daular nan ta ƙabilu ce barkatai, kuma manyanta suna ganin Sabiya, wadda ta kusa ninka girmanta a yaƙin Balkan, za ta ja musu Slabawan kudu, wato ƙabilun da ke 'yan uwantaka da Sabiyawa, su ɓalle. Babban hafsan soja Conrad von Hötzendorf ya daɗe yana naci a murƙushe Sabiya, mai taka masa birki kuwa shi ne yariman da aka kashe. Ranar 7 ga Yuli majalisar ministoci ta zauna, aka tsaya a kan a rubuta wa Sabiya sharuɗɗan da aka san ba za ta iya karɓa ba, mutum ɗaya ne ya ja, firaministan Hangari István Tisza, shi ma bayan mako guda ya sauko. Jami'in da suka aika Sarayebo bincike ya rubuto ranar 13 ga wata cewa bai samu hujjar hannun gwamnatin Sabiya ba, ba abin da ya canza. Aka riƙe takardar wa'adin har ranar 23 ga Yuli da yamma, aka lissafa lokacin sai shugaban Faransa Poincaré ya baro Rasha ya shiga jirgin ruwa don kada ƙawayen biyu su yi shawara fuska da fuska. Sharaɗi 10, awa 48. Sabiya ta amsa ranar 25, ta karɓi mafi yawa, wasu da kwane-kwane gaskiya, ta ƙi guda ɗaya ƙiri-ƙiri, wato jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta. Jakadan Ostiriya ya karanta, ya kwashe kayansa da ya riga ya ɗaure, ya hau jirgin ƙasa a yammacin nan. Ranar 28 aka ayyana yaƙi, washegari aka fara jefa wa Belgred, babban birnin Sabiya, harsashin igwa, alhali rundunar ba ta ma gama haɗuwa ba sai cikin Agusta. An yi gaggawar ayyanawa ne don a toshe bakin masu sulhu.

Za a ce ai ƙaramin yaƙi suke so, su da Sabiya kawai. Haka ne. Amma sun san Rasha na iya shiga, sun tattauna a kai, suka ce a je a haka. Kuma abin da ya ba su wannan ƙarfin zuciyar shi ne abin da suka samo daga Balin, babban birnin Jamus.

Ranar 5 da 6 ga Yuli manzon Ostiriya, Hoyos, yana Balin, Sarki Wilhelm na Biyu da shugaban gwamnati Bethmann Hollweg suka ba da tabbacin cewa duk abin da Ostiriya ta yanke Jamus na bayanta, ko da Rasha ta shigo, suka ƙara da cewa a yi da wuri. Shi ne masana tarihi ke kira cak ɗin da aka sa wa hannu ba a rubuta adadi ba. Ba tare da shi ba Ostiriya ba za ta kuskura ba, kuma muna da shaida, don a 1913 Jamus ta riƙe ta kuma ta tsaya. To me ya canza? Tsoro ne. Rasha, wadda Japan ta kayar a 1905, ta farfaɗo, tana shimfiɗa layin dogo zuwa iyakar yamma da bashin Faransa, ta kuma ɗauko babban shirin ƙara soja da zai kammala wajen 1917. Babban hafsan Jamus, Moltke, lissafinsa shi ne yaƙin nan dole zai zo, kuma in yau ne za a iya ci, in an bari shekara uku shikenan. Tun a wani zama da sarki ya kira ranar 8 ga Disamba 1912 ya faɗi ra'ayinsa cewa gara da wuri. Bethmann shi caca ya yi, in Rasha ta ja baya an ci riba, ƙawancenta da Faransa ya tsage, in kuma ta shigo to a yi yanzu, amma a tabbata ita ta bayyana a matsayin mai farawa don jam'iyyar ma'aikata ta Jamus ta goyi baya. Ni a wurina mutumin da ya san abu na iya cinye nahiya ya ce a gwada, ba za a kira shi wanda tsautsayi ya faɗa wa ba.

Sai kuma tsarin yaƙin Jamus, wanda ake jingina wa Schlieffen, tsohon babban hafsan sojanta. Tsari ɗaya tak suke da shi a 1914, ko daga ina rikici ya taso sai an fara afka wa Faransa ta cikin Beljiyam, a gama da ita cikin kusan mako 6, sannan a juya gabas kafin Rasha ta gama shiri. Sauran ƙasashe suna iya kiran sojojin ko-ta-kwana, su tara runduna a kan iyaka su tsaya ana magana. Ita Jamus tara rundunarta da ƙetare iyaka abu ɗaya ne, don dole a kama birnin Liège na Beljiyam da layukan dogonsa a kwanakin farko. Wato rikicin da ya tashi a Balkan sai ya zama harin farko na babbar runduna ya faɗa kan ƙasar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, wadda Prusiya, masarautar da ta haɗa kan Jamus, da kanta ta sa hannu a 1839 za ta kare matsayinta na 'yar ba-ruwanmu. Ranar 1 ga Agusta sarki ya samu labarin da ya sa ya zaci Ingila da Faransa za su zauna gefe, ya ce wa Moltke to a juya rundunar duka gabas, Moltke ya ce ba zai yiwu ba, jadawalin jiragen ƙasa ba ya canzuwa. Sojoji ne suka tsara haka, 'yan siyasa kuma sun sani shekara da shekaru suka yi shiru.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma duk wanda ya wanke Rasha bai karanta kwanakin da kyau ba. Rasha ce babbar ƙasa ta farko da ta ba da umarnin tara runduna gaba ɗaya, ranar 30 ga Yuli, kuma tun wajen 26 ga wata ta fara shirye-shirye a ɓoye, har a yankunan da ke fuskantar Jamus, leƙen asirin Jamus kuwa yana gani. Sarki Nicholas na Biyu ya sa hannu ranar 29, ya soke da daddare bayan wayar tangaraho daga ɗan uwansa Wilhelm, washegari ministan waje Sazonov da hafsoshi suka taru a kansa har ya sake yarda. Suna da dalilansu, an kunyata su a 1909 kan Bosniya sun rantse ba za a sake ba, suna ganin in aka haɗiye Sabiya sun fita daga Balkan, sannan idonsu yana kan mashigin ruwan Istanbul inda babban kason hatsin da suke sayarwa waje ke bi. Amma sun san yadda Jamus za ta ɗauki matakin. Da sun jinkirta ko da kwana biyu ne, da Moltke bai samu abin da yake jira ba. Wannan laifi ne babba, sai dai ya zo ne bayan an riga an ayyana yaƙi a kan Sabiya an fara harbin Belgred, kuma a shari'ar wa ya fara, wannan jerin yana da muhimmanci.

Faransa ita laifinta shi ne ba ta taɓa ce wa ƙawarta a bi a hankali da gaske ba. Poincaré yana Rasha daga 20 zuwa 23 ga Yuli yana maganar tsayuwa daram, jakadansa Paléologue kuma ya ci gaba da ba da tabbaci lokacin da shugabanninsa ke kan teku. Zafin rasa yankunan Alsace da Lorraine da Jamus ta ƙwace a 1871 yana nan, amma ban ga shaidar cewa don shi suka nemi yaƙi a 1914 ba. Ranar 30 ga Yuli ma sun ja sojojinsu baya kilomita 10 daga iyaka. Jamus ce ta ayyana musu yaƙi ranar 3 ga Agusta da hujjar wai jiragen saman Faransa sun jefa bam kusa da Nuremberg, abin da bai faru ba.

Ingila kuwa ana zargin ministan wajenta Edward Grey da rashin fitowa fili da wuri, wai da ya ce wa Jamus tun farko za mu shiga da ta ja da baya. Wataƙila. Amma majalisar ministocinsa a rabe take, hankalinsu yana kan rikicin Ayalan, ba zai iya alkawarin abin da ba a ba shi ba, kuma ko da aka shiga ranar 4 ga Agusta bayan an keta Beljiyam sai da ministoci biyu suka ajiye aiki. Gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi da Jamus ta ɓata dangantaka, amma zuwa 1912 Ingila ta riga ta ci wannan gasar.

Abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa shi ne tun farko siyasa ta shiga ciki. Bayan Versailles ma'aikatar wajen Jamus ta buɗe sashe na musamman aikinsa kawai rusa zargin laifin yaƙi, ta buga takardun diflomasiyya juzu'i 40, zaɓaɓɓu, ta tallafa wa marubuta har a ƙasashen waje. Su Bolshebik, 'yan gurguzun da suka ƙwace mulki a Rasha, suka fallasa yarjejeniyoyin sirri na gwamnatin sarki don su nuna duk 'yan mulkin mallaka ne masu rabon ganima. Zuwa shekarun 1930 ra'ayin da ya zauna shi ne kowa santsi ya kwashe shi, har Lloyd George, tsohon firaministan Ingila, ya rubuta kusan haka, kuma Hitler ya ci moriyar wannan sosai, don in Jamus ba ta da laifi to Versailles zalunci ne tsantsa. Sai a 1961 wani malamin tarihi a jami'ar Hamburg, Fritz Fischer, ya fito da littafi daga takardun gwamnatin Jamus ɗin kanta, ya nuna shugabanninta sun karɓi haɗarin babban yaƙi da idonsu biyu, ya kuma fito da shirin Satumba 1914 na yankunan da suke son mamayewa. An yi masa ca, har gwamnatin Jamus ta Yamma ta janye kuɗin tafiyarsa Amurka a 1964. Daga baya ya zarce ya ce tun 1912 aka tsara yaƙin, a nan kam masana da yawa ba su bi shi ba, ni ma ban gamsu ba, don shirin da aka rubuta bayan an fara yaƙi ba ya tabbatar da niyyar da aka shiga da ita. A 2012 kuma Christopher Clark ya dawo da hankali kan Sabiya da Rasha da Faransa, ya siffanta shugabannin da masu tafiya cikin barci, littafin ya samu kasuwa ƙwarai a Jamus. Ya yi aiki mai kyau wajen nuna cewa kowace fada tana da tsoronta na gaske. Inda na rabu da shi shi ne barcin. Mutanen da suka zauna suka tsara wa'adin da ba za a karɓa ba, suka zaɓi sa'ar miƙa shi, a farke suke.

Ma'aunin da nake ganin ya fi adalci shi ne a duba makon ƙarshe na Yuli a tambaya, da aka kawo hanyar fita, wa ya ƙi? Ranar 26 Grey ya nemi a yi taron ƙasashe huɗu da rikicin bai shafa kai tsaye ba, Ingila da Faransa da Jamus da Italiya, Faransa da Italiya suka yarda, Jamus ta ƙi. Ranar 28 da safe Wilhelm da kansa ya karanta amsar Sabiya ya ce dalilin yaƙi ya kau, ya ba da shawarar Ostiriya ta riƙe Belgred kawai a matsayin jingina a ci gaba da magana, Bethmann ya riƙe saƙon sai da dare bayan an ayyana yaƙi, kuma ya rage masa ƙarfi kafin ya aika. Ranar 29 Sarkin Rasha ya ce a kai maganar kotun sulhu ta Hague, ba a kula shi ba. A daren 29 ɗin, da Grey ya fito ya yi gargaɗi cewa Ingila ba za ta zauna gefe ba, sai Bethmann ya tsorata ya fara matsa wa Biyana ta karɓi sulhu, amma kafin a je ko'ina Moltke ya aika wa Conrad nasa saƙon daban cewa ya tara runduna a kan Rasha, Jamus na tafe, har ministan wajen Ostiriya Berchtold ya tambaya wai wa ke mulki a Balin, Moltke ko Bethmann. Biyana dai ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba. Rasha ta rufe tata ƙofar ranar 30, wannan a kanta yake kuma ba na rage mata. Ranar 31 Jamus ta ba Rasha awa 12, ta kuma tambayi Faransa ko za ta zauna gefe, kuma umarnin da aka ba jakadanta shi ne ko Faransa ta ce e, ya nemi a miƙa wa Jamus garuruwan tsaro na Toul da Verdun jingina har a gama yaƙi, sharaɗin da babu gwamnatin Faransa da za ta iya karɓa.

Don haka in aka ce in jera, Biyana da Balin ne a sama, ɗaya ta nace sai ta yi yaƙinta ko me zai biyo baya, ɗayar ta ba ta izini sannan ta mayar da rikicin Balkan yaƙin nahiya da tsarin sojanta. Rasha na biye da su da tazara, sai Sabiya da Faransa, Ingila a ƙarshe. Wannan bai sa sashe na 231 ya zama adalci ba, don waɗanda suka ci yaƙi ne suka zauna alƙalai a shari'ar da su ma suna ciki, kuma aka ɗora kuɗin a kan sabuwar jamhuriyar Jamus da talakawan da ba a shawarce su ba a Yulin 1914, shi kuwa Wilhelm ya tsallaka Holan, gwamnatin can ta ƙi miƙa shi, ya zauna a gidansa na Doorn har ya mutu a 1941 ba wanda ya taɓa tsayar da shi gaban kotu.